Shanun Manu a Gonar Jatau

Ranar Talata, sha uku ga Rabi'us Sani, 1343, da hantsi, Allah ya karɓi Jatau na Ruwan Bore, maƙwabcina a gona shekara goma sha tara. Na Allah muke, gare shi za mu koma. Da na buɗe littafina in rubuta ranar, sai na ga rabinsa labarin gonarka ne.

Jatau, ban taɓa gaya maka ba: na yi maka hassada. Ƙasarmu ɗaya, ruwanmu ɗaya, amma dawarka kore shar, tawa ciyawar wuta-wuta ta cinye ta.

Ni da an gama girbi sai in tara kara in cinna wuta, gona fes. Kai kuwa ka bar naka, Manu makiyayi ya sauka da shanunsa har bazara. Na ce gonarka ta zama juji. Ka yi dariya, ka ce, "Malam Usman, rana da ruwa suka yi karan nan. Saniya ta ci ta kasayar, gara ta ja shi ƙasa, dawa ta sha. Kai naka ka aika sama hayaƙi. Wa zai dawo maka da shi?" Na rubuta maganar, na sa a ƙarƙashinta: ba hujja.

Shekarar da rumbuna ya ƙare tun kafin shuka, da kanka ka ɗauko mini dami biyu. Na ci, na gode, haushinka ya ƙaru. Bara ma a ɓoye na je na roƙi Manu ya komo gonata. Ya ƙi.

Jiya ya iso da garken. Ya ce, "Malam, mai gona ya tafi. In sauka taka?" Gonata ta gaji, na sani, wata damina irin ta bana ba za ta ciyar da mu ba. Amma ga matarka Wasila da marayu huɗu, ba su da sai wannan gona. Na ce, "Sauka inda ka saba."

Ban sani ba ko don Allah na yi, ko don kada ka fi ni a wannan ma. Karana dai bana ban ƙone shi ba.

Allah ya jiƙan ka, Jatau, ya sanyaya makwancinka, ya yafe mini abin da na ɓoye maka. Wasila da yara, Allah ya ba ku haƙuri, ya cika rumbunku.