Mai Ciyar da Kunamu

A gefen rumfar Saude mai soya fara, a kasuwar Babura, wani dattijo yana tsugune da tsohon gwangwani a gabansa. Rigarsa wankakkiya ce amma ta koɗe, gefen bakinta duk ya tsattsage. Kunamu ne a gwangwanin, irin na masu tallar maganin harbi.

Yana jefa musu shinge, garar nan mai fiffike, yana yi wa Saude bayani a hankali. "'Yata, in fara kaɗai ake ba su, sai su daina ci. Jikinsu maiƙo yake nema. In shinge ya ishe su kuma, su koma neman fara."

Saude tana tunanin ko akwai mai dafa masa a gida, ko kunamun nan ne kaɗai iyalinsa.

Ɗan shinge ya rage a tafinsa. Ya waiga hagu da dama, ya watsa a baki ɗanye. Sai suka haɗa ido. Ya sunkuyar da kai, ita ma ta sunkuyar, tana ta juya farar da ta riga ta soyu. Tun safe yake wurin, ko bismilla ba ta yi masa ba.