Amsar da Na Ba Likita a Kan Yaya Lawal

Da watan Safar ɗin nan Yaya Lawal ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Daura, kuma har daga Mashi ake kawo masa aiki, don da kunne yake gano ciwon rediyo kafin ya kwance ta. Fuskar mutum ce ta gagare shi. Ba ya haɗa ido da kowa, ba ya gane an gaji da hirarsa. Mutane suka ce girman kai ne. Ni kuwa kunyarsa nake ji.

Ranar da surukata ta rasu ya zo ta'aziyya. Gida cike da mata ana share hawaye, shi kuwa ya hango tsohuwar rediyon marigayiya a kan taga, ya shiga bayanin irinta yana murmushi. Na ja shi zaure. Ya dubi gefen kunnena ya ce, "Binta, fushi kike yi? Ki faɗa mini da baki, ni ba na ganewa." Na ce, "A'a, Yaya." Ya yarda. Ya tafi da farin cikinsa. Daga ranar na riƙa aika masa cewa ba na nan.

'Yata Nafisa ta kai shekara huɗu ba ta waiwayowa idan an kira ta. Bayan rubutu da tofi, ni da mijina Malam Idi muka shiga mota zuwa asibiti a Kano. Likitar ta ce galahanga ce, wato larurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya. Ta jera hotunan fuskoki, mai dariya, mai tsoro, mai fushi, Nafisa ta kasa rarrabe su. Sai ta yi mana bayani a hankali: abin yakan bi jini, ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, kuma akan sami ɗan'uwan da ke da ɓurɓushinsa, wanda karanta fuska ke yi wa wuya. Ta tambaya, "Akwai mai irin wannan hali a danginku?"

Yaya Lawal ya faɗo mini a rai tun kafin ta rufe baki. Na tuna dangin mijina da abin da za su ce a kan jinin gidanmu. Na ce, "Babu."

Malam Idi ya fara lissafo nasa dangin ɗaya bayan ɗaya, har kakansa na Dutsi, yana neman laifin a wurinsa. Ina zaune ina jin sa.

Shekara ba ta zagayo ba zazzaɓi ya kwantar da Yaya, kwana biyar ya cika. Sau biyu kacal ya taɓa ganin Nafisa, duka tana goye.

Yanzu idan na ga 'yan fuskokin nan da ake turawa a waya, wannan na kuka, wancan na dariya, sai in ce da yana raye da ya huta. Ga fuska tsayayya wadda ba ta cewa a'a alhali e take nufi. Da kuma ya ji a rediyon da ya ƙare rayuwarsa yana gyarawa ana kiran halinsa da suna, ana cewa ba iskoki ba ne, ba rashin tarbiyya ba. Ban san ko zai yi murna ba. Ban taɓa tambayarsa yadda yake ji a kan komai ba.

Sai bayan arba'in ɗinsa na gaya wa mijina gaskiya. Ya ce, "Ai na sani, Binta. Na ƙi faɗa ne don kada ki ji nauyi." Wannan ya fi zagi zafi.

Yaya bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, rumfarsa ma ta zama wurin cajin waya. Abin da ya rage nasa yana cikin gidana: gaskiyar da ba ta san kwana ba, da yarda da maganar mutum yadda ya faɗe ta. Nafisa ta gaje su duka. Bana ta gama sakandare. Kwanan baya tana tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Umma, Kawu Lawal irina ne?"

Na ce, "E, irinki ne."

Ta ce, "To me ya sa ba ki kai ni wurinsa ba?"

Ba zargi take yi ba, amsa take jira. Har yau ban ba ta ba. Allah Ya jiƙan Yaya Lawal, ni kuma Ya yafe mini.