Takardun Japan a Adakar Mahaifina

Shekara da shekaru ina sayar da kayan gyaran babur a unguwar Banikanni, cikin garin Paraku. Ko ido rufe ina bambance ƙarfen Japan da na jabu, amma ban taɓa zaton ƙasar tana da tarihin da mutum zai zauna ya karanta ba, sai da babbar 'yata ta samu burs, wato tallafin karatu, ta tafi can yin digirin dokta. Bincikenta a kan yadda masaƙun Japan suka riƙa turo mana yadi ne tun zamanin Turawa.

Wata safiya ta kira ni.

"Baba, malamina ya ce in ban kawo shaida daga ɓangarenmu kafin ƙarshen wata ba, za a yanke burs. Takardun nan na adakar Kaka nake so."

Marigayi mahaifina falken yadi ne a garin Jugu. Duk dilar yadin Japan da ya kwance sai ya ɓare takardar da aka liƙa mata ya adana. Na rufe shago na hau mota.

Na tarar da adakar cike da kwanuka. Na tambayi Gwaggo, ƙanwar marigayin, mai riƙe da gidan.

"Masu rubutu kamar sawun kaza? Ai mun ƙone su bayan sadakar arba'in."

"Gwaggo, ƙonewa?"

"To me za mu yi, ɗan nan? Ba Larabci ba, ba Faransanci ba. Liman ma ya jujjuya ya kasa. Muka ce ko asiri aka yi masa. Kuma kai ka ce a share ɗakin."

Ni na faɗa, gaskiya ne.

Kwana huɗu ina bin gidajen tsoffin fatake. Na dawo Paraku na bi layin 'yan yadi na kasuwar Arzeke rumfa-rumfa. Wani ya ce, "Alhaji, ka bar babur ka koma tsintar shara?" Wani tsoho ya ce nasa tuni matarsa ta ƙare su wajen hura wuta. Na yi tayin sabon babur a kan takarda ɗaya. Babu.

Na kira 'yata na faɗa mata yadda abin yake. Ta ce, "To, Baba."

An yanke burs ɗin. Ta ƙi dawowa. Tana wanke-wanke a wani gidan abinci, tana ci gaba da rubutun. Ni kuwa duk tsohon ɗan yadin da ya rasu, daga nan har Jugu, ina zuwa gaisuwa, in ja babban ɗansa gefe in roƙe shi ya buɗe mini adaka kafin arba'in.