Baiti Ɗaya da Kaka ta Roƙa

A unguwar Tandabawi ta Makka na tashi, a wani gidan kwano da tabarmi da ke gindin dutse, tun lantarki bai san hanyar unguwarmu ba. In sanyi ya shigo Makka, da an idar da magariba Kaka za ta hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi, mu jikokinta mu kewaye ta muna ture juna. Sunanta Asabe, 'yar Kazaure ce. Da ƙafa ta zo ita da kakanmu, shi ya rasu a nan, ita kuma ba ta sake ganin gida ba. Ta baro ƙanwarta Kande tana budurwa, kuma tun ranar babu wadda ta ji duriyar 'yar uwarta.

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Sai ta ce, "Ga ta nan, ta taso daga gida da ƙafa." Mu kuwa mu amsa, "Allah ya kawo ta lafiya."

Wata shekara aka sauke mana baƙo, Malam Zubairu, alhaji daga ƙasar Kano, mai rubuta waƙa da ajami. Ya ce Makka ta cika masa zuciya, zai yi mata waƙar da za a yi ta rerawa a gida. Sai dai daga Mina ya dawo da ciwon ciki. Ba na son tuna wannan, amma dole in faɗa. Kwanaki yana zawo da amai, ɗakin ba ya shiguwa, ƙudaje sun yi baƙi a kan tabarmarsa. Kaka ce ke fitar da tasar da yake zawo a ciki, ita ke wanke zanensa, ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba. Babana kuwa aikinsa a lokacin Hajji shi ne binne dabbobin da aka yanka a Mina aka bari suka kumbura a rana. Yakan dawo da warin a gemunsa, ko ya yi wanka bai fita duka. In ya gifta ƙofar ɗakin, Malam yakan ja rawani ya rufe hanci, shi da tasarsa ke gefensa.

Da ya ji sauƙi, Kaka ta kai masa kunu ta durƙusa.

"Malam, baiti ɗaya nake roƙo. Ka ce Asabe 'yar Kazaure tana nan da ranta a Makka. Ni ban san wa zan ba wasiƙa ba, amma waƙa har ɗakin niƙa take shiga. Kande za ta ji."

"An gama, Hajiya," in ji shi.

Ana gobe zai tafi, ya zauna da mu a bakin kaskon ya buɗe takardunsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, waƙar ta yi daɗi. Haske, ƙamshin almiski, tantabarun Harami da ba mai korarsu. Ya zo kan mutanen gari ya kira su maƙwabtan Allah, yadda ake kiran mutanen Makka, ya yi ta zuba musu yabo. Kaka ta fashe da kuka. Ta dafa kaina ta ce, "Kin ji, mu ke nan." Ai kuwa shekararta nawa tana jin kiran sallar Harami daga ɗakinta, me zai hana ta zaci da ita ake?

Sai ga wani baiti can ƙasa, yana gargaɗin alhazai su kiyayi Takari, wato mu Hausawan da muka zo muka zauna. Wai a ƙazanta muke kwana, warin mushe muke yi, ƙudaje ne 'yan rakiyarmu.

Babana ya ajiye kofi. "Esh hada, mene ne haka, Malam? Mu ne wannan?"

"A'a, ku ai daban ne. Sauran nake nufi."

"Maƙwabtan Allah fa?" in ji Kaka.

"Waɗannan 'yan asalin gari ne, Hajiya."

"To, sunana fa?"

Ya sosa ƙeya. Wai Asabe bai hau amsa-amon waƙar ba, ya gwada ya gwada ya ƙi.

Kaka ta share ido da bakin mayafi, ta gyara garwashi, ta ce, "Ga ta nan, ta taso daga gida da ƙafa." Muka amsa murya ƙasa-ƙasa.

Wai a wani gari akwai tantabara da ungulu. Tantabara a ƙofar masallaci take zama, ana watsa mata alkama, in ta yi wa mutum kashi a ka sai ya ce albarka ce. Ungulu kuwa tana bayan gari tana cinye mushe don kada annoba ta shigo. Ran nan wani mawaƙi ya faɗi da ciwo a bayan garin. Ungulu ta buɗe fiffike ta yi masa inuwa, ta cinye duk ruɓar da ke kewaye da shi har ya warke. Da ya miƙe ya shiga gari ya yi wa tantabara waƙa, ya ƙare da cewa a yi hattara da ungulu, bakinta na wari.

Nan Kaka ta dasa aya. Na ƙosa na ce, "To me ungulu ta yi masa?"

"Ta koma aiki mana. Mushe zai jira a gama waƙa ne? Yalla, ku tashi, an kusa kiran isha'i."

Malam ya yi dariya ya ce tatsuniyar ta yi ma'ana. Har yau ban sani ba ko bai gane ba ne ko basarwa ya yi, kuma duka biyun ƙyama suke ba ni. Da safe bayan ya tafi, na tarar da Kaka tana dirzar kofin da ya sha shayi da toka, ta ɗauraye, ta sake dirza. Ita ce fa matar da ta wanke tasarsa ba ta ko tofar da yawu ba.

Na girma na karanta marubuta da yawa da garin nan ya motsa wa alƙalami, da Larabci da Hausa. Ban musa son da suke yi masa ba, ni ma ina son sa. Amma duk wanda na buɗe, neman wanda ya share hanyar da marubucin ya taka nake yi, kuma da wuya in same shi. Na daɗe ina zaton iyakar darasin tatsuniyar ke nan, cewa mai alƙalami yana iya manta ka.

Bayan Kaka ta daɗe da rasuwa, ina aikin dafa wa alhazai abinci a Arfa, na gamu da wata tsohuwa 'yar Kazaure. Na tambaye ta Kande.

"Kande mai waƙar Makka? Allah sarki, ta rasu. Ai kullum cewa take yayarta ta mutu a hanyar Hajji, shi ya sa ta haddace waƙar nan, ita ce abokiyar niƙanta. Bari ki ji, 'yar nan."

Ta rera mini tun daga farko, ina tsaye da ludayi a hannu. Da ta zo baitin Takari ta toshe hanci tana dariya, ta ce haka Kande take yi in ta iso wurin, har mata su yi ta ƙyaƙyatawa.

Ashe Kaka ta yi gaskiya, waƙar ta shiga har ɗakin niƙa. Kande ta samu labarin yayarta ba tare da ta sani ba, ta yi shekaru tana toshe masa hanci.