Ranar da Gwaggo ta Hau Bene

Jiya iska ta kayar da kwandon shararmu a unguwar Gorton, inda muke zaune yanzu, ƙarar ta tuna min da marigayiya Gwaggo, yayar mahaifina. Zaman jegona ya kawo ta Birmingham, ga ciwon gwiwa da ya hana ta hawa bene. Ba ta ɗaga murya. In abu ya yi tsanani, iyakarta ta ce, "Tsaya nan."

Wata rana bayan azahar gari ya yi duhu farat ɗaya. Muna kicin muka ji rugugin guguwa kamar jirgin ƙasa ya shigo layinmu. Gilashin taga ya tarwatse. Jaririyata tana barci a sama. Na yunƙura, ɗinkin tiyata ya durƙusar da ni.

"Tsaya nan," in ji Gwaggo.

Da rarrafe ta hau. Katakon rufi na karyewa, ƙura ta cika min baki, ina kiranta ba amsa. Can sai ga ta tana saukowa daga zaune, jini na bin goshinta, yarinyar a ƙirjinta.

"Karɓi 'yarki, ko farkawa ba ta yi ba."

Allah Ya lulluɓe ki da rahamarSa, Gwaggo, Ya hutar da gwiwoyin nan a Aljanna.