Bizar da Na Kashe da Bakina

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zai tafi da ranar da na tsaya gaban wata Baturiya a Yamai na rushe tafiyata Turai da bakina.

Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki ga farar hula, ko'ina a Gazawa sai tutocin jam'iyyu da gardamar zaɓe. Ni kuwa ina aiki da wani babban kamfanin waya mai rassa a ƙasashe da yawa, ina kula da injinan wutarsa daga Gazawa har Cadawa. Wata safiya shugabanmu ya kira ni buro, wato ofis, ya ce za a mai da ni reshenmu na Turai. Akwai biza ta musamman da ake ba ma'aikacin da kamfaninsa ya ɗauke daga wannan reshe zuwa wancan, amma sai na je ambasad, ofishin jakadancin ƙasar a Yamai, an yi mini tambayoyi. "Kada ka gaya wa kowa tukuna," in ji shi.

Kafin la'asar duk 'yan kabu-kabun tasha sun ji, kuma a bakina suka ji. Takuna ma ya canja, Hausata ta fara gauraya da Faransanci. Na ba ƙanena aron gonata. Dattawan unguwa suka zo suna so in tsaya takarar konseye, wato kansila, na ce musu kujerar ta yi mini kaɗan. Matata ta ce, "Maigida, ka bari bizar ta fito mana." Na ce mata harkar ƙasa da ƙasa ba ta santa ba.

A ambasad, Baturiyar tana bayan gilashi, ta duba fasfona ta ce, "Wannan bizar ta ƙwararru ce, waɗanda kamfani ba zai samu irinsu a can ba. Me ka iya wanda sauran ba su iya ba?"

Nan fa tarbiyyar gidanmu, wadda ta yi makonni tana barci, ta farka. An koya mana mutum ba ya yabon kansa gaban manya. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai Madam, ni ba kowa ba ne. Kowane makanike zai iya aikin nan, Allah ne dai ya ɗaga ni."

"Ke nan a ƙasarmu ma za a samu mai yi?"

"Sosai ma, har waɗanda suka fi ni."

Ta yi murmushi tana rubutu. Na fito ina jin daɗi, wai ladabina ya burge ta.

Da amsa ta zo an hana ni, shugabanmu ya dafe kai. "Mun shaida musu duk jihar Maradi babu kamarka, kai kuma ka je ka ƙaryata mu."

Ban iya wucewa gida Gazawa ba. Na sauka Cadawa gidan kawuna, na ce ciwon ciki nake. Da ya matsa mini na ba shi labari, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Tashi ka tafi, ɗana. Cikinka lafiya lau, kunya ce, kuma a gida ake jinyarta."

Ranar zaɓe na shiga Gazawa. Ina kan layin jefa ƙuri'a sai wanda aka tsayar takarar konseye a madadina ya miƙo mini hannu ya ce, "Sannu da hanya, yaya mutanen Turai?" Shi ya ci kujerar. Damanar nan kuma hatsin gonata sai abin da ƙanena ya ga dama ya aiko mini. Matata kuwa ta dai ajiye mini tuwo.

Tun daga nan na gane cewa shiru da magana kowanne da wurinsa. Ni na yi cika baki a tasha inda ba wanda ya tambaye ni, na kuma yi tawali'u a wuri ɗaya tak da ake buƙatar in faɗi abin da na iya.