Marlene Desjarlais da Lambar da Ta Fi Ƙarfin Inji

Tsohuwar kwamfuta, igiyar haɗi, fulas ɗin kofi, safar hannu, shebur na ƙanƙara. Kayan da Marlene Desjarlais ke zubawa a bayan motarta ke nan duk ranar da za ta gidan ruwan garinmu, a arewacin lardin Manitoba na ƙasar Kanada. Ita ce mai rubuta wa injin wurin manhaja. Wannan makon za ta ajiye aiki.

Injin da ke zuba wa ruwanmu magani yana ƙirga kowace lita da ta wuce. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar lambar da ta haura biliyan huɗu da ɗoriya. Da ta cika, sai ta koma sifiri, inji ya rikice, ya daina zuba magani. Ya taɓa faruwa. Garin nan ya sha gudawa, an kwashi jarirai a jirgi zuwa asibiti a birnin Winnipeg.

Sababbin injuna sun san manyan lambobi. Tafintan namu, manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa harshen inji, ya tsufa, bai san su ba. Kamfanin da ya ƙera shi ya mutu. Kuɗin sabo babu.

Marlene ta raba lambar gida biyu, babba da ƙarami. In ƙaramin ya cika, a miƙa ɗaya ga babban, kamar lissafin firamare: rubuta biyu, riƙe ɗaya. Tarawa, ɗebewa, kwatantawa, dukkansu da hannu ta rubuta su. Lorne Flett, mai kula da famfuna, yana tsaye ranar gwaji.

“Marlene, in wannan abin ya tashi da mu, ke za ki yi wa matata bayani.”

“Za ta gode mini. Riƙe fitilar da kyau.”

Lamba ta cika, ta haye, magani bai tsaya ba. Tun daga nan babu wanda ya tafasa ruwan sha a garin nan.

Ke ce mai raba kaya in sun fi ƙarfin jaki, Marlene. Mun gode. Masu tasowa, kada ku raina tsohon inji muddin mutane na sha daga gare shi.

Jiya Lorne ya raka ta bakin ƙofar ɗakin injin.

“To in ya lalace bayanki, wa ya san cikinsa?”

Ta ja ƙofar ƙarfen ta rufe.

“Kai. Litinin ka zo gidana da fensir. Ba na barin garin nan sai ka iya.”